Yadda Ake Haɗa Kwamfuta Mai Sauƙin Kuɗi Don Amfanin Gida

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir. Duk yaron da ke neman shiga jami'a ko kwaleji, da kwamfuta zai rubuta jarrabawa. Tambaya 180 ake ba shi, ya amsa cikin awa 2. A shekarar 2024 ita ma hukumar WAEC ta soma irin wannan ga masu rubuta jarrabawa daga waje, wato waɗanda ba ta hannun makaranta suka yi rajista ba.

Yaron birni ya saba ganin kwamfuta. Yaron ƙauye kuwa, sau da yawa ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsa zai taɓa ta. Ya yi karatu, ya san amsa, amma lokacinsa zai ƙare wajen neman inda zai danna. Uba ya sayar da hatsi ya biya kuɗin fom, ya biya kuɗin mota, yaro ya dawo da sakamakon da bai kai iliminsa ba.

Wannan shi ya sa wasu magidanta suka fara tunanin ajiye kwamfuta a gida. Abin da ke hana su shi ne tsada. To amma akwai hanyar da za a bi a haɗa ta da kuɗi kaɗan, in an san abin da za a saya da abin da za a bari a shago.

Ta tebur ko ta tafi-da-gidanka?

Kwamfuta iri biyu ce aka fi sani. Akwai wadda ake ninkewa a sa a jaka, ana ce mata tafi-da-gidanka. Akwai kuma wadda ake girkewa a kan tebur. Ta tafi-da-gidanka tana da batir a jikinta, wannan ba ƙaramin amfani ba ne inda babu wuta. Sai dai komai nata a haɗe yake. In yaro ya zuba shayi a kan allon rubutu, ko gilashin ya fashe, duk injin ya tsaya, kuma gyaran da tsada.

Ta tebur kuwa kamar keke take. Kowane sashe daban ake sayar da shi. In ɗaya ya lalace, a cire shi a sa wani. Ga gidan da yara biyar ko shida za su riƙa taɓa abu ɗaya, ta tebur ta fi juriya. 

Abubuwan da ke cikin akwatin

In aka buɗe akwatin kwamfuta, mutum zai ga wayoyi da ƙananan ƙarafa, ya ji tsoro. Amma manyan sassan ba su wuce biyar ba.

Na farko shi ne furosesa. Shi ne mai yin aikin, shi ke lissafi. Faɗinsa bai wuce na kwalin ashana ba, kuma yana ɓoye a ƙarƙashin fanka, domin yana zafi.

Na biyu shi ne ram. Wani ɗan siririn allo ne, tsawonsa kamar na cokali. Ram kamar tabarmar shanya yake. A kansa furosesa ke baza aikin da yake yi yanzu. In tabarma ƙarama ce, sai an kwashe wani abu kafin a baza wani, aiki ya yi nawa. Da an kashe wuta kuma, duk abin da ke kan ram ya tafi.

Na uku shi ne rumbun ajiya. Nan ne takardu da hotuna da karatu suke zama, ko da wuta ko babu. Rumbu iri biyu ne. Tsohon yayi, wanda ’yan kasuwa ke ce wa had dis, yana da faifai a ciki da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Ba ya son girgiza, ba ya son faɗuwa. Sabon yayi ana kiransa SSD. Babu abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma bai cin wuta sosai.

Na huɗu shi ne babban allo, wanda sauran duka suke zaune a kansa. Masu gyara suna ce masa modabod. Na biyar shi ne akwatin wuta, mai karɓar lantarki daga bango ya rarraba wa sauran.

A waje kuma akwai abu uku: allon kallo mai kama da talabijin, allon rubutu mai maɓallai, da linzami, wanda wasu ke ce wa maus.

Kada a fara daga sabo

Akwai masu sayen waɗannan sassa biyar sababbi, ɗaya-ɗaya, su haɗa. Wannan hanyar masu kuɗi ce, da samari masu wasannin kwamfuta. Kayan duk daga waje ake shigo da su, da dala. Tun da darajar naira ta faɗi a shekarar 2023, kuɗinsu ya ƙara hawa.

Hanyar talaka daban ce. Manyan ofisoshi da bankuna a Turai da Amurka sukan canja kwamfutocinsu bayan ’yan shekaru, ko da lafiyarsu lau. ’Yan kasuwa su sayo su da yawa su kawo Legas. Babbar kasuwarsu ita ce Computer Village da ke Ikeja. Daga can suke hawowa Arewa. A Kano ana samunsu a titin Beirut, a Abuja kuma a Banex da ke Wuse. Su ne ake ce wa tokumbo.

Waɗannan injina don aikin ofis aka ƙera su, daga safe zuwa yamma, shekara da shekaru. Ga sunayen da aka fi gani: Dell OptiPlex, HP ProDesk ko EliteDesk, da Lenovo ThinkCentre. Abin da za a yi shi ne a sayi guda mai lafiya, a canja mata abu biyu kawai. A ƙara ram ya kai giga 8. A cire tsohon rumbu a sa SSD mai giga 256. Shi ke nan an haɗa kwamfutar gida. Giga awo ne, kamar yadda ake awon hatsi da mudu.

Ba a faɗi kuɗi a nan ba, domin kuɗin kasuwa yana canjawa daga wata zuwa wata. A tambayi shago uku kafin a fito da kuɗi daga aljihu.

Yadda ake karanta lambar furosesa

Nan ne ake cutar mutane, saboda haka sai a natsu. Yawancin injinan ofis suna da furosesa na kamfanin Intel. Sunansa yakan fara da i3, ko i5, ko i7. Mai shago zai ce, “Alhaji, wannan i7 ce, babu kamarta.” Mai saye ya ga 7 ta fi 3, ya biya.

Amma ba wannan lambar ce mai muhimmanci ba. A dubi lambar da ke biye da ɗan layin. Ita ke nuna zubin da aka yi shi. Misali, i5-6500 zubi na 6 ne. Shi kuwa i5-8500 zubi na 8 ne. In lambobin biyar ne, kamar i5-10500, biyun farko ake karantawa, wato zubi na 10.

Ga misali. Furosesa i7-2600 zubi na 2 ne, ya fito a shekarar 2011, kuma an ƙera shi ya ci har wat 95. Shi kuwa i3-8100 ya fito a 2017, wat 65 ne nasa, kuma a aikin gida bai gaza wancan ba. Ashe ƙaramin suna na iya fin babba. Doki ne, shekarunsa ake dubawa a haƙori, ba adon sirdi ba.

Zubi na 8 yana da wani dalili kuma. Kowace kwamfuta tana bukatar babbar manhaja mai tafiyar da ita. Wadda aka fi sani ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Wadda ta gaje ta, Windows 11, ba a yi ta don furosesan da ke ƙasa da zubi na 8 ba, in ban da ’yan kaɗan. Wasu masu shago sukan tura ta da dabara cikin tsohon inji. Takan tashi, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin kula da ita ba.

Saboda haka mai hali ya nemi zubi na 8 zuwa sama. Injinan ofis galibi suna zuwa da lasisin Windows a jikin babban allonsu, ba sai an sake saye ba.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, kada ya karaya. Zubi na 6 da na 7 sun fi araha, kuma ƙarfinsu bai ƙare ba. Sai a sa musu wata manhaja mai suna Linux Mint. Kyauta ce, babu lasisi, kuma fuskarta ta yi kama da ta Windows. Tana zuwa da LibreOffice, wanda ake rubuta wasiƙa da lissafin kuɗi da shi. Matsalarta ɗaya: ba kowane mai gyara ya san ta ba, kuma wasu manhajojin gwajin jarrabawa don Windows kaɗai aka yi su. A tambaya tukuna.

Wuta ita ce babbar magana

A birni mutum na iya sayen duk injin da ya ga dama. A ƙauye sai an fara tambaya: wace wuta za ta ci, kuma daga ina?

Cin wuta da wat ake auna shi. Waɗannan injinan ofis suna zuwa girma uku: dogon akwati, matsakaici, da ɗan ƙarami wanda bai fi littafi mai kauri ba. Dell na kiran ƙaraminsu Micro, HP na ce wa nasu Mini, Lenovo kuma Tiny. Ƙaramin yana amfani da caja irin ta tafi-da-gidanka. A aikin rubutu da karatu cinsa bai cika wuce wat 20 ba. Siririn allon kallo mai inci 19 shi ma kimanin wat 20 yake ci. Jimla wat 40.

Ga lissafi, masu ajin yaƙi da jahilci za su iya gwadawa a allo. Wat 40 sau awa 4 ya zama 160. Wannan shi ne cin dare ɗaya. Batir mai bolt 12 da lamba 100 a jikinsa yana ɗaukar 12 sau 100, wato 1,200. Amma batir mai ruwa ba a shanye shi duka, rabi ake sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 600. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta bango, ita ma tana shan nata kaɗan. Duk da haka batirin zai kai dare uku. Farantin sola mai wat 100 kuwa, a ranar Arewa, yakan tara kimanin 350 zuwa 400 a yini. Ya isa, har a yi cajin waya.

Yanzu a ɗauki babban injin wasanni mai cin wat 200. A awa 4 ya ci 800. Batirin nan ba zai kai shi dare ɗaya ba. Ko da kyauta aka ba mutum irin wannan, nauyi aka ɗora masa. Haka tsohon allon kallo mai ƙaton ƙeya. Shi kaɗai yakan ci fiye da injin da sabon allo in an haɗa su. Kada a saye shi ko nawa aka rage.

Inda akwai wutar gwamnati ko janareto, haɗarin daban ne. Wuta ta yi ƙasa, ta yi sama, ta ɗauke ba sallama. Wannan ke ƙona akwatin wuta, ya lalata aikin da ba a adana ba. Maganinsa shi ne UPS, wani akwati mai ƙaramin batir. In wuta ta ɗauke yakan riƙe injin na ’yan mintoci, har a adana aiki a kashe. Wanda zai zaɓa tsakanin furosesa mafi girma da UPS, ya ɗauki UPS.

Wani abin lura mai muhimmanci. Wutar Nijeriya da Nijar ta kai bolt 220 zuwa 230. Ta Amurka kuwa 120 ce. Wasu tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan maɓalli a baya, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. In yana kan 115 aka jona shi a nan, nan take zai yi ƙara ya ƙone. A duba bayan akwati kafin a jona.

Ranar zuwa kasuwa

Kada a tafi shi kaɗai. A tafi da wanda ya san abin, ko malamin makaranta ne ko ɗalibi. A sa mai shago ya kunna injin a gaban mai saye. A ce ya buɗe shafin da ke nuna abin da ke ciki, a ga lambar furosesa da yawan ram da ido. Takardar da aka manna a jiki ba shaida ba ce, kowa na iya manna ta.

A bar injin a kunne kamar minti 20, a saurari fanka. In tana kuka ko tana kakari, a nemi wani. A gwada kowace kafar filash. A ce mai shago ya shiga saitin farko na injin, wanda ake kira BIOS. Wasu ofisoshi sukan kulle shi da kalmar sirri su manta ba su cire ba. In a kulle yake, a bar shi.

A dubi kafar allon kallo. Talabijin na zamani mai kafar HDMI na iya zama allon kallo, an huta da sayen wani. Amma da yawan injinan ofis wata kafa ce da su mai suna DisplayPort, ko tsohuwar shuɗiya mai suna VGA. Akwai ’yar wayar da ke haɗa su. A saye ta tun a kasuwa, kada a koma gida a rasa.

Ram ma iri-iri ne. Akwai DDR3, akwai DDR4, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Ƙananan injina gajeren ram suke ɗauka. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi ram da SSD a shagon da aka sayi injin, a gwada su a nan.

A ƙarshe a karɓi rasit mai sunan shago da lambar injin. Akwai kayan sata a kasuwa, kuma wanda aka kama da kaya shi ke amsa tambaya. A yi magana a kan kwana nawa za a iya dawo da shi in ya ba da matsala, a rubuta a jikin rasit.

Abubuwan da za a bari a shago: katin hoto na wasanni, fitilu masu launi, manyan lasifika. Ko ɗaya ba ya ƙara wa yaro maki.

Haɗawa

Aikin bai fi na canja fulogin babur wuya ba. Sukundireba ɗaya ya isa, wasu akwatunan ma da hannu ake buɗe su.

A zare wayar wuta daga bango. A danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita. Kafin a taɓa komai a ciki, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Dalili kuwa, jikin mutum yakan tara wata ’yar wuta, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe. Ita ce ke yin ƙyas in an cire rigar sanyi cikin duhu. Mutum ba ta yi masa komai, amma tana iya kashe ram.

A riƙe ram ta gefe, kada a taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya. Yana da ’yar tsaga a ƙasa. A daidaita ta da tudun da ke cikin gurbin. A dogon akwati, a danna shi tsaye har maƙallan gefe su kama. A ƙaramin inji, a sa shi a karkace sannan a kwantar. In ya ƙi shiga, an juya shi ne ko ba irinsa ba ne. Kada a yi masa ƙarfi.

SSD mai kama da ƙaramar waya, inda tsohon rumbu ya fito nan zai shiga, da wayoyin nan nasa. Akwai wani siriri mai kama da cingam, shi a jikin babban allo ake sa shi, a ɗaure da noti ɗaya.

Akwatin wuta kuwa, kada a buɗe shi ko kusa. Yakan riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga bango. In ya lalace, canja shi ake yi.

Sa manhaja aikin wanda ya saba ne, da filash ake yi, bai cika wuce awa ɗaya ba. A roƙe shi ya ƙara tsarin rubutun Hausa. Windows da Linux duka suna da shi, kuma da shi ake samun ɓ da ɗ da ƙ. In ana son intanet, ana iya jona wayar hannu da injin ta wayar caji. Sai dai a sa a takaita shan data, domin Windows takan sabunta kanta ta shanye kati cikin dare ɗaya.

Kula da ita

Abokan gabar kwamfuta a ƙauye su ne ƙura, zafi, ɓera da tsawa. Kada a ajiye ta a ƙasa. A ɗora ta a tebur, a bar tazara tsakaninta da bango don iska. In an kashe, a rufe ta da tsumma mai tsabta. In tana kunne a cire tsumman. Bayan hunturu a buɗe ta, a hure ƙurar fanka da famfon keke ko a share da busasshen burushi. Ruwa kada ya kusance ta. Kada a ci abinci a kanta, domin ɓurɓushi ke kiran kyankyaso da ɓera, ɓera kuma waya yake ci. Da damina, da an ga hadari a zare ta daga bango.

In agogon injin ya fara ɓata duk lokacin da aka kunna, ba lalacewa ta yi ba. Akwai ɗan batir mai kama da sulai a kan babban allo, lambarsa CR2032. Masu gyaran agogo suna sayar da shi.

In sashe ya mutu, kada a ƙona shi don cire tagulla, kada a ba yara su yi wasa da shi. Hayaƙinsa guba ne. A mayar wa masu gyara.

Gida ɗaya in bai iya ba, gida uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi, ko ƙungiyar manoma, ko ta mata masu adashi. Da rana sakatare ya rubuta wasiƙu da lissafin taki da sunayen waɗanda suka yi zubi. Duk ƙarshen wata a kwafe waɗannan a filash a ajiye a wani ɗaki daban. Da yamma kuma yara su karɓa, kowa da lokacinsa a rubuce a bango, mata da maza. Rabin awa a rana ya ishi yaro ya saba. A fara masa da riƙe linzami da rubuta sunansa. Daga nan a nuna masa maɓallan da ake amfani da su a jarrabawar JAMB: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S kuma na miƙa aiki in an gama.